Daga zaure zuwa jan fenti: yadda muke duba gidaje a cikin birnin Katsina

Mutanen gari sukan haɗa ayyuka uku wuri guda su jingina su ga dubagari: duba tsaftar gida, ƙidayar cunkoso, da rusau. Na farko da na biyu namu ne. Na uku na hukumar tsara birane ne tare da ma'aikatar ƙasa da safiyo, mu dai rahotonmu ne yake shiga cikin fayil ɗin, amma sau da yawa wannan rahoton shi ne takarda ta farko da take kai gida ga jan fenti, alamar da ake shafa wa gidan da za a rushe. Shi ya sa muke so mai gida da ɗan haya su san abin da muke aunawa, da dalilin aunawar, da inda abin yake lalacewa.

Ba mu shiga unguwa sai mun bi ta hannun mai unguwa. A cikin birni, inda lunguna suke sarƙe da juna kamar a Masanawa, Gambarawa, Yammawa, Darma da Albaba, wanda bai san wurin ba zai iya ƙirga gida ɗaya sau biyu, ko ya tsallake gidaje uku da suke shiga ta zaure ɗaya. Mai unguwa yakan haɗa mu da yaronsa, a kuma yi sanarwa a masallaci kwana ɗaya ko biyu kafin mu zo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga hantsi zuwa kafin azahar, an gama sharar safe, ba a ɗora sanwar rana ba. Ayarin ba ya rasa mace. Mafi yawan ƙofofin an rubuta musu "ba a shiga", kuma ko da doka ta ba jami'i ikon shiga gida da rana bayan ya nuna katinsa, wanda ya tsaya kan wannan iko ya kutsa gidan matan aure ya rufe wa kansa sauran ƙofofin layin. Namiji yana tsayawa a zaure ya yi sallama da mai gida, abokiyar aikinmu ta shiga ta gaida matan, a kimtsa, sannan a ce mu shigo.

Kayan aikin ba su da yawa: tef na awo mai mita 30, tocila, igiya da ɗan ƙarfe mai nauyi a bakinta don gwada miƙewar bango, sukundireba, ludayi, alli, da fom ɗin duba gida.

Daga waje ake farawa. Muna duba faɗin lungun, domin lungun da amalanke ba ta iya ratsawa motar kashe gobara ba za ta shige shi ba, haka ma motar kwashe masai. Muna bin kwatar gidan mu ga inda take zubewa. A unguwanni da dama kowane gida ya huda katangarsa ya sako ruwan wanka da na wanke-wanke cikin lungu, ruwan ya kwanta a gindin katangar maƙwabci shekara da shekaru. Gindin bangon ƙasa shi ne wurin da gida yake fara mutuwa. Danshi yana hawa, gishirin ƙasa yana cinye shi, sai ka ga bangon da kaurinsa ya kai kamu ɗaya a sama ya rage rabi a ƙasa. Idan abin da ya zaizaye ya kusa sulusin kaurin bangon, muna rubuta shi cikin masu haɗari ko da babu tsaga ko ɗaya a jikinsa. Yaɓen siminti a kan ginin ƙasa yana yaudarar ido ƙwarai. Siminti ba ya kama laka da kyau, yana kuma hana danshin da ke ciki fita, don haka sai mun ƙwanƙwasa: inda ya yi amon ganga, yaɓen ya rabu da bango, abin da ke bayansa kuwa ya zama gari.

Tsaga iri-iri ce. Siririya mai rassa da ta tsaya a yaɓe ba ta tayar mana da hankali. Wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, ko wadda ta fi faɗi a sama ta matse a ƙasa, tana nuna harsashin ginin ya zauna a gefe ɗaya. Irin wannan muna ja mata layi da alli a ƙarshenta, mu auna faɗinta, mu rubuta kwanan wata a jikin bangon. Idan muka dawo muka tarar ta wuce layin, ginin yana tafiya ke nan. An fi samun haka a gidajen da aka gina kan tsohon kududdufi. Kududdufan birni ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne tun kaka da kakanni, kuma su ne suke shanye ruwan damina. Da aka cike su da shara aka yanka filaye, an yi asara biyu: shara tana ruɓewa ƙasa ta zauna, ginin ya tsage, ruwan da ya saba sauka nan kuma ya nemi tsakar gidajen da ke kewaye.

A soron ƙasa, azara muke nema, musamman bakinta da ya shiga cikin bango, domin nan gara take fara ci ba tare da an gani ba. Ana soka sukundireba. Idan ta shige ba wuya, azarar ta gama aiki. Sai mu hau mu ga indararo. Indararon da ya toshe ko ya karye yana tara ruwa a kan rufi, ƙasar ta sha ta yi nauyi, kuma yawancin rufin da yake faɗowa mutane cikin dare a watan Agusta haka ya fara. A ginin bulo matsalar daban ce. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci 9 ba, amma wasu masu buga bulo suna ja ya kai 50 ko fiye, bulon da za ka murje gefensa da yatsa. Mafi muni shi ne wanda ya ɗora bene a kan ginin da aka yi wa harsashin ƙasa ɗaya, don 'ya'ya sun yi aure babu fili.

Daga nan sai ruwa da bayan gida, inda lissafi ba ya yi wa kowa kara. Ƙa'idar da aka sani ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake. To fili mai ƙafa 50 da 50, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka ja tef, ba zai ba ka fiye da mita 21 da ɗoriya ba. Wato a irin wannan gida babu inda za a sa rijiya da masai su cika ƙa'ida, balle a ce masan maƙwabci yana jingine da katangar da rijiyarka take. Don haka ba ma rubuta wa mutum umarnin da ƙasa ba za ta ba shi damar cikawa ba. Abin da muke nema shi ne a ɗaga bakin rijiya ya kai ƙugu, a yi mata daɓen siminti kewaye mai gangara waje, a yi murfi, a ware guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, ruwan sha kuma a sa masa sinadarin kulorin ko a tafasa, ko a koma famfo. Lokacin annobar amai da gudawa ta 2021, wadda Katsina tana cikin jihohin da ta taɓa, irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suka raba gidan da ya kamu da wanda ya tsira a layi ɗaya.

Masai ma lissafi ne. Mutum ɗaya yana tara kusan lita 40 zuwa 60 a rami cikin shekara. A ce gida mai mutum 30, ramin kuma faɗinsa mita ɗaya da ɗan kai, zurfinsa mita 4: kowace shekara zai hau fiye da mita ɗaya, cikin kusan shekara uku ya kai inda dole a rufe shi, domin idan saura rabin mita ya cika an daina amfani da shi. A da sai a binne a haƙa sabo a gefe. Yanzu gefen an gina ɗaki a kansa. Shi ya sa kake tarar da ɗakin amarya a kan tsohuwar shadda, daɓen yana lotsawa a tsakiya, kuma wannan yana cikin abubuwan da muke tambaya kai tsaye: "Baba, ina da ina aka taɓa yin masai a gidan nan?" Tsofaffin mata sun fi kowa sanin amsar. Masai ɗaya bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 20 ba. Bututun iska ya zama mai inci 4 zuwa 6, ya zarce rufin da rabin mita, a ɗaure masa raga a baki don ƙuda. Randuna da durom da tsofaffin tayoyi muna ɗiban ruwansu da ludayi mu haska tocila mu ga ko akwai tsutsar sauro. Turken awaki da akurkin kaji muna duba nisansu da madafi. Wannan ɓangaren ba ya ɗaukar lokaci.

Ƙidayar mutane ce take cin lokaci, kuma ita ce zuciyar aikin. Ba wanda yake son a ƙirga masa iyali. Wani yana tsoron haraji, wani yana ganin ƙirga 'ya'ya yana jawo baki, wani kuma ya ji ana rabon tallafi sai ya ninka adadin. Idan ka tambayi mai gida mutum nawa ne a gidan, amsar da za ka samu ita ce "Alhamdu lillahi, muna da dama." Saboda haka ba ma tambayar jimla. Ɗaki-ɗaki ake bi, kuma matar ɗakin ake tambaya: "Inna, jiya da dare su wa suka kwana nan?" Tana lissafo su da suna, abokiyar aikinmu tana rubuta shekaru da jinsi. Sai a duba abin da ido zai gani, yawan tabarmi da katifun da aka jingine, gidajen sauro da aka naɗe a ƙusa, takalman da ke bakin ƙofa. Zaure da shago ba a tsallake su, nan samari suke kwana, wani lokaci da almajiran malamin da ke maƙwabtaka. A makarantar allo sai an koma bayan isha'i, da izinin malam, domin da rana ɗakin fanko ne.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne na hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai: idan fiye da mutum uku suna kwana a ɗaki ɗaya, akwai cunkoso. Dokar gidaje ta Ingila ta 1935, wadda littattafan koyar da aikinmu suka daɗe suna kawo misali da ita, ta fi tsanani. A can ɗakin da ya kai murabba'in ƙafa 110 mutum biyu aka yarda ya ɗauka, yaro daga shekara 1 zuwa ƙasa da 10 rabin mutum ake ƙirga shi, jariri ba a ƙirga shi, kuma ba a yarda namiji da mace da suka kai shekara 10 su kwana ɗaki ɗaya ba idan ba ma'aurata ba ne. Wannan sharaɗin na ƙarshe ba baƙo ba ne a wurinmu, addini ya riga ya yi umarnin raba wa yara makwanci a shekara goma, kuma idan muka zo da maganar ta wannan ƙofa an fi saurarenmu. Ɗakinmu na yau da kullum sha biyu sha biyu ne, murabba'in ƙafa 144. Cire gado, kabad, jeren kwanuka da buhunan hatsi, abin da ya rage wa uwa da 'ya'ya shida bai kai rabi ba.

Iska ta fi faɗin ɗaki muhimmanci. Tagogi su kai aƙalla kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe, wato a ɗaki sha biyu sha biyu ana neman kusan taga mai ƙafa 4 da 4, kuma a samu wata kafa a bango na daban don iska ta ratsa. Abin da muke tararwa ƙaramar taga ce mai ƙafa 2 da 2, an toshe ta da kwali tun hunturun bara, ko kuma maƙwabci ya tada bango ya rufe ta. A irin wannan ɗaki mai tarin fuka ɗaya ya isa ya raba wa kowa. Sanƙarau ma nan yake samun wuri, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Ƙyanda da mashaƙo ma hanyarsu ɗaya, ƙazuwa kuwa ta cuɗanyar jiki take yaɗuwa. Akwai kuma kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi, da janareta da ake tayarwa a zaure ko a baranda: hayaƙin da yake kisa ba shi da wari, barci kawai yake sa mutum.

Daga ina cunkoson yake fitowa? A cikin tsohon birni, gado ne. Gidan da kaka ya gina wa mata biyu, yau jikoki goma sha ne suke zaune da nasu iyalan, an yanka tsakar gida an yi ɗakuna har babu inda rana take sauka. Ba a raba gadon ba, saboda haka babu mai gyara; kowa yana jiran ranar da za a sayar. A bayan ganuwa, wuraren da aka yanka gonaki aka sayar ba tare da shimfiɗar hukuma ba, gidajen haya ne masu ɗakuna a jere da masai ɗaya a ƙurya. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 mutane suke kwararowa, sannan a shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta koro iyalai daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Ƙanƙara, suka sauka wurin dangi ko a kangwaye marasa ƙofa. Wanda ya karɓi 'yar'uwarsa da marayunta bakwai bai yi laifin da za a kai shi kotu ba, ko da tef ya ce ɗakin ya cika.

A nan ne takardar gargaɗi take da iyaka. Idan matsalar kwata ce, ko masai da ya cika, ko taga da aka toshe, muna rubuta takardar kawar da ƙazanta: abin da aka gani, abin da za a yi, da wa'adi. Abin da yake barazana nan take, kamar masai da ya fashe cikin lungu, awa 24 ne. Gyaran da yake bukatar magini mako ɗaya ko biyu. A rubuta sunan wanda alhakin yake kansa. Abin da ya shafi ginin kansa na mai gida ne, shara da tsaftar yau da kullum na mazauna ne, kuma takardar da aka ba ɗan haya a kan rufin da yake yoyo ɓata tawada ce. A sa hannu a karɓa, idan an ƙi karɓa a liƙa a ƙofa gaban shaida. Ranar da wa'adi ya cika a dawo. Wanda ya fara aiki ana ƙara masa lokaci, wanda ya yi biris a kai shi kotun majistare ko kotun tafi-da-gidanka, alƙali ya ci shi tara ya kuma ba da umarnin gyara. Yawancin ƙararrakin da suke faɗuwa a kan abu ɗaya suke faɗuwa, ba a iya nuna cewa takardar ta isa hannun wanda ake ƙara ba. Amma cunkoso ba ya jin takarda. Ka ce a rage mutum huɗu a ɗaki, ina za su? Iyakar abin da muke iya samu shi ne a buɗe taga, a huda kafar iska a sama, a fitar da hatsi da babur daga ɗakin kwana, a mayar da samari zaure, mai tari kuma a kai shi gwaji, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Gida ɗaya da ya zama haɗari, rahotonmu yana tafiya ga hukumar tsara birane, injiniya ya zo ya tabbatar, a ba mai shi takardar ya gyara ko ya sauke da kansa. Wanda ya sauke da hannunsa ya tsira da kwanonsa da ƙofofinsa. Rushe unguwa ko wani yanki nata kuwa wani babi ne, kuma dalilansa sanannu ne: faɗaɗa hanya, buɗe magudanar ruwa, gini ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko gini kan filin hukuma. Wayar lantarki tana da nata awo, mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 ana barin mita biyar da rabi kowane gefe, mai 132 mita 15, mai 330 mita 25. Maganar hanyar ruwa kuma ba wanda ya ga abin da ambaliyar Jibiya ta yi a watan Yulin 2018 da zai ce wasa ce.

Matakan da ya kamata a bi kafin katafila ta iso suna da tsari. Safiyo ya fitar da iyakar aikin a taswira, a kafa turaku. A zauna da hakimi da masu unguwanni da mutanen da abin ya shafa, a nuna musu taswirar, ba a karanta musu sanarwa kawai ba. A ba kowane gida lamba, a ɗauki hotonsa da mai shi a tsaye a ƙofa. Masu kimanta dukiya su auna kowane ɗaki, su rubuta irin ginin, ƙasa ne ko bulo, rufin kwano ne ko soro, da rijiya, da masai, da katanga, da itatuwa masu amfani. A liƙa jerin sunaye a bainar jama'a, a ba da lokacin ƙorafi. A biya. A ba da wa'adin tashi. Jan fenti ya kamata ya zo bayan an gama ƙidaya, domin ranar da aka shafa shi unguwa take canzawa: masu haya su fara guduwa, wasu su tada ɗakuna cikin dare don a ƙirga da su, dillalai su zagayo suna sayen gidaje a wulaƙance daga hannun waɗanda suka tsorata. Shi ya sa ake sanar da ranar rufe ƙidaya, duk abin da aka gina bayanta ba ya cikin lissafi.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a, da sharaɗin a isar da sanarwa ga mai ita. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ce, ba ta darajar filin a kasuwa ba, kuma ana lissafa kuɗin sake gina irinsa ne a cire tsufa. Gidan ƙasa mai shekara tamanin a tsakiyar birni, wanda filinsa kaɗai zai sayi gidaje biyu a bayan gari, a takardar kimantawa kuɗinsa kaɗan ne. Nan ne mafi yawan rigima take, kuma nan ne ba da fili a madadin wanda aka karɓa yake da muhimmanci, dokar ma ta buɗe ƙofar sake tsugunarwa a maimakon kuɗi. Rashin takardar mallaka ta gwamna ba ya kore haƙƙin wanda gininsa yake tsaye tun kafin 1978, dokar ta ɗauke shi kamar mai takarda. Abin da zai nema shi ne shaida, takardar ciniki, takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko shaidar mai unguwa da hakimi. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce a biya diyya ba tare da jinkiri ba, kuma mai ƙorafi yana da damar zuwa kotu. Jinkirin ba ƙaramar illa ba ce: kimantawar da aka yi da farashin simintin bana, idan aka biya baɗi, ba za ta kai ginin linta ba.

Gidan gado sai an yi hattara. Idan aka rubuta sunan babban wa shi kaɗai, kuɗin ya shiga asusunsa, matan gidan da marayu sai labari. Daidai shi ne a rubuta gidan da sunan magadan marigayi, a nemi su kawo wakili da takardar kotu, a raba bisa shari'a.

Ɗan haya shi ne wanda lissafin yake mantawa da shi. Ba shi da gini, don haka ba shi da diyya, ga kuɗin hayar shekara da ya riga ya biya. A gidan haya mai ɗaki goma, mutum ɗaya ne zai karɓi kuɗi, iyali goma ne za su nemi wurin kwana, kuma ba za su yi nisa ba, saboda sana'arsu tana nan, mai faci yana bakin titinsa, mai ƙosai tana da masu sayenta, yara suna Islamiyyarsu. Sai su shige unguwar da ke kusa, haya ta tashi, ɗakin da muka rubuta wa mutum biyar bara mu dawo mu tarar da tara. An ga wannan a Legas. Hukumar raya birnin da aka kafa a 1928 bayan annobar da ɓeraye suke yaɗawa ta fara rushe tsakiyar tsibirin Legas a 1955, aka kai mutane Surulere, da yawa suka kasa zama saboda nisa da kasuwancinsu. A unguwar Maroko ta Legas kuwa, a watan Yulin 1990, an tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000 da sanarwar mako ɗaya, suka watsu cikin wasu unguwannin da suka riga suka cika. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta yi maganar a samar wa wanda za a rushe wa muhalli wani matsuguni ko fili da taimako, amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 tsara birane ya zama hurumin jihohi, kowace da dokarta. A ganinmu, duk rajistar da ba ta ɗauki sunan kowane magidanci da ke kwana a gidan ba, mai gida ne ko ɗan haya ko wanda aka ba aro, ba ta cika ba. Kuma a wurare da dama buɗe lungu ɗaya ya zama hanya, da gina magudana, da kawo famfo, yana taɓa gida goma ya gyara ɗari, ba sai an share unguwar ba.

Ranar rusau kanta tana da nata ƙa'idoji. Ba a yin ta da damina. Kamfanin KEDCO ya yanke wuta ya kwance wayoyi, hukumar ruwa ta toshe bututu. A ba mutane kwanaki su cire kwano, ƙofofi, tagogi da azara, waɗannan su ne jarin sabon gini. Kafin a taɓa bango a sa maganin ɓera kwana biyu ko uku, in ba haka ba ɓerayen gidajen da aka rushe za su ƙaura gidajen da suka rage, ga zazzaɓin Lasa. A shiga kowane ɗaki da tocila a tabbatar babu tsoho ko yaro ko dabba, sannan a killace wurin, domin yara masu tsintar ƙarfe suna bin katafila a baya. Katangar da gida biyu suka yi tarayya a kanta da hannu ake sauke ta, bayan an tokare rufin maƙwabcin da ba a rushe nasa ba. Direban katafila ba ya ganin cewa azarar gidan da ke tsaye tana kwance a kan bangon da zai ture. Tsohon silin ko rufi na asbesto a jiƙa shi a sauke shi ɗungurungum, kada a farfasa, ƙurarsa tana lalata huhu. A riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura. Wasu tsofaffin gidajen malamai akwai kaburbura a cikinsu, wannan tun a zaman farko ake tambayarsa, a bar wa malamai da masarauta su faɗi yadda za a yi.

Aikinmu na ƙarshe a wurin shi ne ramuka. Kowace rijiya da kowane masai da muka rubuta a fom tun ranar farko sai an nemo su ƙarƙashin ɓaraguzai, a zuba wa masan farar ƙasa, a cike da ƙasa ana dannawa kaɗan-kaɗan, a sa alama a taswira don wanda zai yi gini ko kwalta nan gaba. Wanda aka manta yakan rufta da damina ta farko. Bayan wata uku kuma muna komawa layukan da ke kewaye da wurin da sabon fom, mu sake bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya muna tambayar su wa suka kwana nan jiya.